Kiyashin Bunkure

Duk wadda ta ce miki naƙuda ce ƙarshen wahala, ba ta yi jego a bazara ba. Ni na yi, a haihuwata ta fari, a gidanmu da ke gefen kanal ɗin ruwan noman rani a ƙasar Kura, cikin ɗaki mai rufin kwano ba silin. Lokacin an gama kwasar tumatir, wanda bai sami kasuwa ba an yanyanka shi an baza a ƙasa yana bushewa, ƙudan garin nan kaf ya tare a kai. Babana kuma ya cika ɗakin da ke jikin nawa da albasa yana jiran ta yi daraja. To ki haɗa warin albasa da tsamin tumatir da hayaƙin itace da gumina, shi ne turaren da 'yata ta fara shaƙa a duniya.

Aurena a Bunkure yake, amma aka dawo da ni gida wanka kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na taho da murnata, wai zan kwanta a gaban uwata a yi ta lallaɓa ni. Na manta ni ma 'yar fari ce. Inna ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya kallon abin da na haifa. In ta zo wucewa ta ƙofar ɗakina sai ta kau da kai ta ƙara sauri, kamar an ce mata surukinta ne a ciki. Duk harkata sai aka damƙa wa Gwaggo, yayar babana.

Gwaggo doguwa ce busasshiya, bakinta kullum ja da goro. Ta yi aure ta fito, ta sake yi ta fito, ta dawo gidan ƙaninta ta zauna, ba ɗa ba jika. Muna yara aka ce mana Allah bai ba ta ba, muka karɓa a haka, ba wanda ya ƙara tambaya. Amma duk macen da ta haihu a danginmu Gwaggo ce ta wanke ta, kuma duk wadda ta wanke har yau in ta ji an ambaci wankan jego sai ta dafa ƙirji.

Safe da yamma za ta ɗora rabin duro a kan murhu, ta zuba ganyen darbejiya a ciki, ta bari ya tafasa har ruwan ya yi kore shar. Sannan ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugunno a banɗaki, ta tsoma damin ganye ta rinƙa tsula min. Hannunta ba ya jin zafi, ina zaton fatar ta daɗe da mutuwa.

"Gwaggo, wallahi na dahu!"

"Ba ki dahu ba. Ɗanya ce ke sharaf. Zauna."

"To a sirka mana ko da kofi ɗaya."

"Sirkin ubanki. Miƙo bayan."

Uban nawa kuma ƙaninta ne, don haka ba inda zan kai ƙara. Ina fitowa jiki na tururi za a miƙo min kunun kanwa mai zafi, a bi shi da tuwo da yajin da ke sa kunne ƙara. Ita kuma jaririyar a sa mata rigar sanyi da hula da safa, a naɗe ta cikin shawul. A bazarar Kano fa! Lokacin da ƙadangare ma ba ya yarda ya taka ƙasa da azahar.

Uban yarinyar ya tausaya min. Ba ya iya wuce zaure saboda kunyar surukai, sai ya sayo 'yar fanka mai caji, irin mai juya kai, ya yi sallama ya ce a kai min. Gwaggo ce ta fita ta karɓa. Ina jin ta daga ciki tana yi masa faɗa: iska? Ga mai jego? So yake sanyi ya shige ni in kumbura? Ta ce za ta adana min sai na yi arba'in. Ta kuwa adana, a ɗakinta, a saitin gadonta. Kullum da azahar ina kwance ina narkewa sai in ji ƙarar fankata ta cikin bango. Shi kuma bawan Allah kullum sai ya zo ya karɓa ya kai caji, yana zaton matarsa ke shan iska.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne yarinyar ta daina shan nono.

A asibiti ta kama lafiya lau, har ma'aikaciyar jinyar ta yi mata kirarin acici, ta kuma ja min kunne: nono zalla, ko ruwa kada a ba ta, duk zafin da za a yi akwai ruwanta a ciki. Muna dawowa gida aka fara wanka, abu ya juye. Za ta wage baki tana nema, in sa mata, ta tsotsa sau ɗaya, sai ta yamutse fuska ta saki ta callara ƙara. In juya ta ɗaya ɓangaren, haka. Gumina na ɗiga a fuskarta, nata na jiƙa min hannu, mu manne da juna kamar danƙo, tana kuka ina kuka. Nonon ya cika ya yi tauri, ko zani ya taɓa shi sai na ji har ƙwaƙwalwata. Abin da ke shiga cikinta bai wuce wanda nake ɗiga mata a baki ba. Leɓenta ya fara bushewa, tsumman da nake canzawa akai-akai ya koma sai in taɓa in ji shi a bushe. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

'Yan barka kuwa kowacce da fatawarta. Wannan ta ce baki ne, waccan ta ce na ƙetare wani abu da cikin, wata ta ce ai kan nonon ne bai yi ba, ta kuma miƙo hannu ta duba ba ko neman izini. Mai jego ba ta da sirri, jikinta kamar tumatir ne a kwando, kowa sai ya latsa. A cikinsu wata ta kai labari Bunkure.

Ana gobe suna, da hantsi, adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gidanmu. Hajiya ce, uwar mijina. Ba ita kaɗai ba: ta fito tana jan akuya, baƙa, hantsarta cike har tana tafiya a tattale. Ta karɓo ta ne daga Fulanin da ke zaune bayan gonarsu. Aka ɗaure ta a turken da ke daidai ƙofar ɗakina. Na kalli akuyar, ta kalle ni tana tuƙa. Ba wanda ya yi min bayani, amma na gane aikina aka kawo ta ta karɓa.

Kada in ci haƙƙin Hajiya, ba muguwa ba ce. Jikarta ta fari ce, ta ɗauke ta ta ga leɓen nan, idonta ya kawo ruwa. Sai dai ita a ganinta magana ɗaya ce: jariri ba ya ƙin nono sai in nonon ne mugu. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta kwance bakin mayafinta ta fito da kwalin ashana ta ajiye a kan tabarma.

"Yaya," ta ce wa Gwaggo, "a gwada nonon nan. In da dafi a san abin yi tun da wuri."

Na san gwajin a labari, na ɗauka ya bi kakanninmu kabari. A tatsi nonon mai jego a ƙoƙo, a jefa kiyashi a ciki. In ya yi iyo ya fita, nono lafiyayye ne. In ya mutu a ciki, to nonon ne ya kashe shi, sai a raba jaririn da uwarsa a nema masa na dabba. Kiyashi kuma a gidanmu ba sai an nema ba, ko a gwangwanin sukarin Baba za a samu runduna. Amma Hajiya ba ta yarda da kiyashin Kura ba. Nata ta kamo a Bunkure, ta rufe a kwalin ashana, ta ɗaure a mayafi, ta shiga adaidaita da shi cikin wannan rana, gefen akuya.

Ba a mayar wa suruka magana, haka aka tarbiyyantar da ni. Sai na juya wajen Gwaggo na ce, "Gwaggo, a gaya wa Hajiya, ko ni aka rufe a kwalin ashana daga Bunkure zuwa nan, ba sai an jefa ni a nono ba zan mutu."

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo.

Ba ta kalle ni ba. Akuyar take kallo, ta daɗe tana kallonta, ta ma daina tauna goronta. Na ɗauka lissafin yadda za a tatse ta take yi, na ji na tsani Gwaggo har cikin raina.

Aka shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida. Inna na can gefen madafa tana daka, ta ba mu baya, wai ita ba ruwanta. Gwaggo ta kawo ƙoƙo ta tatse ni da hannun nan nata mai kama da itace, na cije leɓe. Nonon ya taru fari tas a gindin ƙoƙon. Ni dai ban ga dafi ba. Hajiya ta zuge kwalin a hankali, ta sa tsinke ta ɗauko kiyashi ɗaya, ta yi bisimilla ta sake shi a tsakiya.

Jama'a, ban taɓa yi wa wani mahaluki addu'a kamar yadda na yi wa kiyashin nan ba. Ko uban yarinyar ranar da ya faɗi a babur bai samu irinta ba. Manyan mata uku mun sunkuya a kan ƙoƙo, numfashi a ɗauke, muna kallon ƙwaron da a kullum muke murjewa da ɗan yatsa ba tare da mun lura ba. Ya motsa ƙafafu, ya juya, ya sake juyawa a wuri ɗaya. Ragon kiyashi ne, ko kuma tafiyar ce ta galabaitar da shi. Ya yi wutsil-wutsil kaɗan, sai ya lafa. Ya tsaya cik a tsakiyar nonona yana shawagi kamar ɗan baƙin ɗigo.

Sai na ji dakan Inna ya tsaya. Ba ta juyo ba, amma taɓaryar ta tsaya.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Sarki." Yarinyar na kan cinyarta cikin shawul, kukan ma ya zama ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ji ina so in fizge 'yata in ruga cikin gonar shinkafar da ke bayan gidanmu, duk wanda ya isa ya biyo ni.

"Kai, zafin nan ya ishe ni," in ji Gwaggo. "A dakata, ai ba a yanke hukunci da gaggawa."

Ta miƙe ta shiga ɗakinta. Sai ga ta da fankata. Ta dire ta a bakin tabarma ta kunna.

"Yaya, ai iska ba ta da kyau ga mai jego," in ji Hajiya.

"Ni jego nake? Kaina na kunna wa."

Da gaske kanta ta saita wa. Sai dai ta danna ɗan maɓallin nan na baya, fankar ta fara juya kai. Ta je wajen Gwaggo, ta dawo ta bi ta kan ƙoƙo, ta koma. Duk dawowar da za ta yi sai fuskar nonon ta yi rawa, kiyashin ya matsa kaɗan. Gwaggo ta ɗaga haɓa tana shan iska, ido a lumshe, kamar ba ta san da wani ƙoƙo a duniya ba. Na ga ƙafarta ta ɗan tura gindin fankar. Dawowa ta gaba iskar ta kwashi kiyashin ta kai shi gefe, ya manne da jikin ƙoƙon. Ya ɗan jima a nan. Sai ƙafa ɗaya ta motsa, ta kama. Ya ja jiki, ya zame, ya sake ja, ya hau bakin ƙoƙon yana tangaɗi kamar mashayi, ya faɗo kan tabarma.

"Ya fita," in ji Gwaggo.

"Iska ce ta tura shi."

"Iskar ma ta Allah ce, Hajiya. Cewa aka yi in ya fita. Ba a ce ta yaya ba."

Hajiya ta ce a sake da wani. Ta zuge kwalin, ta leƙa, ta karkaɗa shi a tafin hannu. Sauran 'yan tafiyar duk sun riga mu gidan gaskiya tun a hanya. Gwaggo ta ce ga na Kura nan birjik in tana so. Hajiya ba ta karɓa ba, don in ta karɓi na Kura yanzu, to me ya sa ta ɗauko nata tun farko?

"To na ji, nono lafiya," ta ce. "Amma ga yarinya nan ba ta sha. Ni ba zan zauna ina kallo ba. In aka yi la'asar ba ta kama ba, a tatsi akuyar nan."

Gaskiyarta ce, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Kiyashi ya fita, amma cikin 'yata ba komai.

Gwaggo ta karɓi jaririyar, ta ɗauki fanka a ɗaya hannun, ta ce min, "Taso." Ta bi da ni ta lungun bayan ɗakuna zuwa gindin mangwaron da ke jikin katanga, inda ƙofar baya ke kallon kanal. Tun da na dawo gida ban taka wurin ba, an ce mai jego ba ta zama a iska. Ta buɗe ƙofar. Ruwa na tafiya a kanal, bayansa shinkafar rani kore har iyakar gani, iskar da ke tasowa daga can mai sanyi-sanyi da ƙanshin laka. Na ja ta har cikin huhuna.

Ta zare wa yarinyar hula, ta cire safa, ta tuɓe rigar sanyin, ta yar da shawul gefe. Wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi ne jajaye. Gwaggo ta yi tsaki, ban san ko wa take yi wa ba tunda ita ta naɗe ta. Sannan ta ce in buɗe. Ta shafa ɗan yatsa a kan nonona, ta kai bakinta, ta lasa. Nan take ta tofar.

"Tir! Ɗaci kamar maɗaci!"

Darbejiya ce. Safe da yamma ana dafa ni da ruwanta, ta bushe a fatata, gumi ya zo ya ƙara mata gishiri. Abin da muke ɗura wa jaririyar kwana shida ke nan a baki muna cewa ta sha. Ni da nake babba ko ganye ɗaya ba zan iya taunawa ba.

"Ke ma ba ki da bakin faɗa?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ni nake sha?"

Ba ta ba ni haƙuri ba, Gwaggo ba ta san wannan kalmar ba. Ta tafi ta dawo da kwano cike da ruwan randa. Ruwan sanyi, a jikin mai jego, da hannun Gwaggo! Da 'yan barka sun gani da sun ce ta taɓu. Ta wanke ni tas, ta goge, ta sake lasa ta tabbatar. Ta matse kaɗan don taurin ya ragu. Ta goge jikin yarinyar da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce in kwanta a gefena a kan tabarma, in daina rungume ta ina dafa ta da ƙirjina, ta shimfiɗa ɗan yadi marar kauri a tsakaninmu, ta kwantar da ita tana fuskantata, daga ita sai tsumman gindi.

Yarinyar ta wage baki. Ta kama. Ta tsotsa sau ɗaya ta tsaya, ta ɗan yamutse fuska don ta saba, kamar mai jiran ɗacin ya iso. Bai iso ba. Sai ta ƙanƙame. Na ji zafi ya tsarga min har baya, na ji nonon ya saki, sannan na ji ƙarar haɗiya, ƙwat, ƙwat, ƙwat, ɗan maƙogwaronta na hawa yana sauka. Na fashe da kuka, baki buɗe, ba kunya.

Hajiya ta leƙo ta lungun, ta tsaya ta kasa kunne. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sake cewa, ta share ido da bakin mayafi, ta juya ta tafi neman mai adaidaitar da zai yarda ya sake ɗaukar akuya. Daga tsakar gida na ji taɓaryar Inna ta ci gaba, da ƙarfi, har da 'yar tafi a tsakani.

Muka rage mu uku a gindin mangwaro. Gwaggo na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, fankar na gabanta tana ta juya kai. Hankalina ya dawo, bakina ma ya dawo. Na ce bari in tsokane ta.

"Gwaggo, na ga ƙafarki fa."

Na zaci zagi zan sha. Ba ta zage ni ba. Yarinyar take kallo, hannunta ɗaya a kan ƙirjinta, a kan rigar da ba komai a ƙarƙashinta sai ƙashi.

"Nawa kiyashin bai fita ba," ta ce.

Ban gane ba da farko. Na ce, "Naki?"

"Namiji ne. A bazara irin wannan. Akuyar ja ce." Ta gyara zama. "Bai kai arba'in ba. Nonon kuwa ya yi ta zuba har na gama wanka, ina canza zani, ba mai sha."

Shekara da shekaru muna gida ɗaya da ita, muna cewa Allah bai ba ta ba.

Ta ciro goro daga bakin zaninta, ta duba shi, ta mayar ba ta ɓantara ba.

"Lokacin ba fanka," ta ce.

Sai ta jawo fankar kusa, ta juyo da ita saitinmu ni da yarinyar, ta dafe kan da hannu don kada ya juya.